Yadda za ki riƙe launin gashinki da gulos kafin ki koma salun

Ranar da aka gama miki rini, ko ke kanki sai kin ƙara leƙa madubi kafin ki ɗaura ɗankwali. Launin ya kama ɗau, gashin yana ɗaukar ido. Bayan sati uku ko huɗu, kin tsefe kitso kin wanke kai, sai ki ga ruwan hantar nan da kika biya kuɗi mai kauri a kansa ya koma kamar atamfar da aka manta a kan igiya. Wadda ta yi ruwan zuma kuwa, nata ya juye ruwan goro mai tsatsa. Abin da yawancinmu muke yi a nan shi ne a aika yaro kanti ya sayo wani kwalin rinin, a sake lafta shi tun daga tushe har jela. Ni ma na yi haka, har sau uku a cikin wata huɗu, kuma na ga sakamakonsa a jikin mataji.

Tsawon gashin da aka riga aka rina ba ya bukatar rini mai ƙarfi a karo na biyu. Abin da yake so shi ne a ɗan mayar masa da launin da ya zube daga sama, a kuma kwantar da ɓawonsa. Aikin gulos ke nan, wato abin da wasu masu salun ke kira tona ko rinin sheƙi.

Me ya sa launin yake koɗewa

Kowane silin gashi yana da ɓawo a waje, mai sassa da suka hau kan juna kamar ɓamɓaron kifi. A ƙarƙashinsa akwai tsokar gashin, inda launi yake zaune. Rini mai zama, wanda ake haɗawa da ruwan haɗi mai ƙarfi, yana ɗauke da amoniya ko wani sinadari irinsa da ke kumbura silin ya ɗaga ɓawon, feroksaid, wato sinadarin da ke cikin ruwan haɗin, ya shiga ya cinye wani sashe na baƙin da Allah ya halitta, sabon launi ya zauna a gurbinsa. Ruwan haɗin da ake amfani da shi a wannan aiki yawanci mai lamba 20 ne, 30 ko 40, wato feroksaid kashi 6, 9 ko 12 cikin ɗari. Bayan an gama, ɓawon ba ya komawa ya kwanta lif kamar da. Duk wankin da kika yi, ruwa yana shiga ta waɗannan kafofi ya fito da ɗan launi. Ja da danginsa su ne suka fi saurin gudu, shi ya sa mai ruwan zoɓo take riga kowa kuka.

Ɓawon da ya tashi kuma ba ya mayar da haske, sai ya watsa shi. Shi ne dusashewar da kike gani ko da launin bai gama tafiya ba. Gashi ya fi son abu mai ɗan tsami, wajen 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin pH, wanda ƙaramar lamba a cikinsa tsami ce, babba kuma kanwa. Rini mai zama yana kaiwa 9 zuwa 11, rilaksa kuma tana haura 12. Sabulun wanka, har da sabulun salo da muke yabo, shi ma yana ɓangaren kanwa ne, yana ɗaga ɓawon. Yawancin gulos an yi shi ne da ɗan tsami ko kusa da tsaka-tsaki, don ya sa launi ba tare da ya sake wage silin ba.

Iri nawa ne, kuma wanne ne naki

Kalmar gulos ta zama rigar kowa, kowane kamfani yana liƙa ta a jikin kwalba. A aikace dai kashi uku ne.

Akwai wanda ake haɗawa da ruwan haɗi mara ƙarfi, feroksaid kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. A jikin kwalinsa za ki ga an rubuta demi-permanent. Wannan shi ne gulos na gaske, irin wanda ake yi a salun. Yana ɗan shiga ƙarƙashin ɓawo, yana kai sati huɗu zuwa shida. Shades EQ na kamfanin Redken da Color Touch na Wella suna cikin wannan rukuni. Na farkon ana haɗa shi ɗaya bisa ɗaya da ruwan haɗinsa, na biyun kuma kashi ɗaya na launi, kashi biyu na ruwan haɗi, kuma dukansu minti 20 ne ƙa'idarsu.

Akwai kuma wanda ba a haɗa shi da komai, daga kwalba sai kai. Shi za ki ga an rubuta semi-permanent. Adore, wanda ake samu a shagunan kayan gyaran gashi da yawa a Najeriya, irin wannan ne: babu amoniya, babu feroksaid. Launinsa yana manne wa saman silin ne, yana raguwa da kowane wanki. Ga wadda ta fara koyo a gida, da wadda take sa rilaksa, wannan nake fara ba su shawarar yi, domin in an yi kuskure wanki zai gyara.

Na ukun kwandishina ne ko man turara gashi da aka zuba wa ɗan launi, ko kuma mara launi sam mai sa santsi kawai. Sati ɗaya zuwa biyu ne ƙarshensa. Yana da amfani in biki ya taso kina son kai ya yi kyau na kwana biyu.

A kowane rukuni ana samun mara launi, fari tas kamar ruwa ko kamar madara. A Redken lambarsa 000, a Wella 0/00. In launinki bai canja ba, dusashewa kawai ya yi, shi kaɗai ya ishe ki. Kuma da shi ake sirka mai launi in ana tsoron ya yi duhu.

Abu biyu ne gulos ba zai yi miki ba, gara ki sani tun yanzu kada ki zargi mai kanti. Ba zai haskaka gashi ba. Baƙin tohon da ya fito daga tushe, kusan santimita ɗaya a wata, zai ci gaba da zama baƙi, wannan aikin salun ne. Furfura kuma ba ya rufe ta ruf, sai dai ya ɗan shafe ta ta saje da sauran gashin, abin da wasu iyayenmu ma suka fi so, don ya fi kama da na halitta. Sannan in gashinki na asali ne mai murɗiya, kada ki sa ran ƙyallin madubi irin na hoton da ke jikin kwali. Silin da ya nannaɗe ba ya mayar da haske ta fuska ɗaya. Abin da za ki samu shi ne launi mai zurfi, laushi, da sheƙi mai sanyi, wanda zai fi fitowa in an busar an miƙe ko an yi kitso.

Zaɓen launi, inda aka fi yin ɓarna

A nan zan ɗan daɗe, don kuɗin mutane da yawa a nan yake zubewa.

Masu rini suna auna duhun gashi daga 1 zuwa 10. Ɗaya shi ne baƙi wuluk, goma shi ne fari-fari irin na wasu Turawa. Gashin yawancinmu yana tsakanin 1 da 3. Lambar farko da ke jikin kwali ita ce wannan matakin. Wadda ke bayan ɗigo ko sanda ita ce kalar, kuma a nan tarkon yake, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kanta ba. A tsarin L'Oréal, 6 bayan ɗigo ja ne, 4 kuma ruwan jan ƙarfe. A tsarin Wella, 6 bayan sanda shunayya ne, 4 shi ne ja. Redken kuma haruffa yake sawa. Saboda haka kada ki ce wa mai kanti "ba ni 5.6" kawai ki juya. Ranar da aka yi miki rini, ki tambayi mai gyaran kanki sunan kamfani da lambar da ta haɗa, ki ɗauki hoton kwalin a waya. Wadda ta san aikinta ba za ta ɓoye miki ba.

In launin da kike da shi kike son ƙarfafawa, ki ɗauki danginsa: ja a kan ja, ruwan ƙasa a kan ruwan ƙasa. Amma ki ɗauki wanda ya fi naki haske da mataki ɗaya. Gashin da ya sha rini ko rilaksa kamar busasshiyar ƙasa yake, yana zuƙe launi fiye da yadda kwali ya nuna, kuma kullum sakamakon ya fi duhu.

In kuma wata kala ce ta ɓullo kina son kashe ta, ƙa'idar ita ce kowace kala tana da kishiya. Shunayya tana kashe ruwan ɗorawa. Shuɗi yana kashe ruwan goro. Kore yana kashe ja. Baƙin gashi in aka yi masa bilicin, ja yake fara fitowa, sannan ruwan goro, sai an matsa sosai kafin a kai ruwan ɗorawa. Mafi yawanmu a ruwan goro muke tsayawa. Shi ya sa shamfun nan mai ruwan shunayya da ake ta tallatawa a Instagram ba ya yi wa da yawa daga cikinmu komai, don an yi shi ne saboda mai gashi ruwan ɗorawa. Ke mai shuɗi kike bukata. Sai dai ki yi hattara, shuɗi a kan gashin da ya yi haske har ya kai ruwan ɗorawa, kore zai ba ki, kamar yadda yara ke haɗa fenti a makaranta.

Ga masu rufe furfura, da yawa suna guje wa baƙi tsantsa saboda hadisin da ya zo a kan Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, ranar buɗe Makka, inda aka yi umarni a canja furfurarsa amma a nisanci baƙi. Ruwan ƙasa mai duhu, mataki 3 ko 4, yana biyan bukata, kuma ko ta fuskar ado ya fi yi wa fuskar babba kyau.

Gwaji biyu kafin ki taɓa kai

Awa 48 kafin ranar, ki haɗa ɗan kaɗan ki shafa a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki bi yadda takardar cikin kwali ta ce. In wurin ya yi ƙaiƙayi, ja, kumburi ko ƙuraje, magana ta ƙare, ki ajiye shi. Gulos mai ruwan haɗi yakan ƙunshi PPD ko ɗan'uwansa PTD, sinadaran da ke tayar wa wasu da borin jini mai tsanani. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin baƙin lallen da ake zana wa amare da 'yan biki, irin mai kamawa cikin minti kaɗan, sau da yawa PPD ne a cikinsa, kuma da yawan da ya wuce na rinin gashi. A Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba a rinin da aka gama haɗawa. Duk wadda zanen baƙin lalle ya taɓa yi wa ƙuraje ko ya bar mata tabo, jikinta ya riga ya gane sinadarin, kuma karo na gaba yakan fi muni. Irin wannan ta nisanci duk rinin da ake haɗawa da ruwan haɗi har sai ta ga likitan fata. Ko kin saba amfani da abu shekara da shekaru, ki sake gwajin, borin yana iya tasowa daga baya.

Gwaji na biyu na launi ne. Ki ware ɗan sili daga ƙeya, ko ki tara wanda ya fito a mataji ki ɗaure da zare, ki shafa masa, ki duba bayan minti biyar, goma, sha biyar. Wannan ne zai gaya miki ainihin lokacin da ya dace da naki gashin. Ki kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, jabun kayan gashi sun yi yawa a kasuwa.

Zaɓen rana

Kada ki yi shi ranar da kika tsefe kitso. Tsinken tsifa da susa suna barin ƙananan raunuka a fatar kai, ko abu mara ƙarfi ya shiga sai ki ji kamar barkono. Ki tsefe yau, ki taje a hankali ki fitar da mataccen gashi, ki yi gulos gobe ko jibi, sannan ki kai kai wajen makitsiya.

In kina sa rilaksa, wanda ba a haɗawa da komai ana iya yinsa ko a ranar, bayan an wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin rilaksar sosai. Mai ruwan haɗi kuwa ki ba shi aƙalla sati ɗaya da wanki ɗaya a tsakani. Ni nakan ba shi sati biyu, gaggawar me ake yi.

Kayan aiki: roba ko kwanon tangaran, ban da na ƙarfe ko silba, domin ƙarfe yana ɓata haɗin. Buroshin rini ko kwalba mai tsinin baki. Safar hannu. Mataji mai manyan haƙora. Abin kama gashi guda huɗu. Basilin. Hular leda. Tsohon tawul da tsohuwar riga mai buɗaɗɗen wuya. Agogon waya.

Aikin kansa

Ki fara da wanki na gaske. Mu masu son mai ne: man kaɗanya, man kwakwa, man shanu, man kitso, ga masu shafa cebe irin na matan Chadi. Duk suna da amfaninsu, amma suna lulluɓe silin, gulos ya zo ya rasa wurin kamawa, sai ya fito dabbare-dabbare. Ki wanke sau biyu da shamfu mai cire maiƙo, har ki ji gashin ya saki. In ba gyaran kuskure ba, wannan ne kaɗai wankin da na yarda ki yi da shamfu mai ƙarfi. In ruwanku na rijiya ne ko na burtsatse mai zartsi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki kuma yake barin farin ɓawo a gindin butar shayi, ki nemi shamfun da za ki ga EDTA a jerin sinadaransa, don shi ne ke ɓanɓare gishirin da ya daskare a jikin gashi. Rilaksar kwali da ake haɗa ruwa da kirim ita ma tana barin irin wannan daskararren abu. Kada ki sa kwandishina bayan wankin, sai dai in takardar ta ce a sa.

Ki tsane ruwan da tawul, ki matsa kawai, ban da gurzawa. Yawancin gulos gashi mai ɗan danshi yake so, wanda ba ya ɗiga. Wasu kuma busasshe, saboda haka ki karanta. Ki raba kan gida huɗu, tsaga ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, ɗaya daga kunne zuwa kunne, ki kama kowanne. Mai cikar gashi ta yi shida ko takwas. Ki shafa basilin a goshi, kunnuwa da wuya, amma kada ya taɓa gashin.

Sai yanzu za ki haɗa, domin da zarar launi ya gamu da ruwan haɗi ya fara aiki, ba ya jira. Ki auna da abin awo, ban da ƙiyasin ido. Gajeren gashi mililita 60 na haɗin zai ishe shi, mai tsawo da cika yana iya cin ninki biyu ko fiye. Gara ya ragu a zubar da ya ƙare miki a tsakiyar kai. Kada ki ɗauki ruwan haɗi mai lamba 20 da ya rage daga tsohon rini ki ce ai duk ɗaya ne. Da shi kin mayar da gulos rini mai zama, kuma zai ɗan haskaka baƙin tushen ya bar miki jan zobe.

Tsarin shafawa shi ne sirrin. Silin gashi ɗaya yana da shekaru daban-daban: tushe jariri ne, tsakiya matashi, jela kuma tsohuwa ce da ta sha rini, rana da wuta. Jelar tana kama launi nan take. Don haka ki fara daga tsakiya, inda aka rina amma bai lalace ba, ki bi kowane kashi sili-sili da ɗan faɗin yatsa, ki jiƙe shi sosai. Jelar ki bar ta sai minti biyar na ƙarshe, ko ki sirka ragowar haɗin da mara launi rabi da rabi kafin ki kai gare ta. Sabon toho ba ruwanki da shi, sai in furfura kike son shafewa, to a nan daga tushen za ki fara. Ki bi da yatsu ko mataji mai manyan haƙora a hankali, jiƙaƙƙen gashi ba shi da ƙarfi.

Ki kunna agogo bayan kin gama shafawa. Ki yi sauri, duk kan bai kamata ya wuce minti goma ba, in da hali ki kira ƙanwa ta yi miki ƙeya. Mai ruwan haɗi minti 20 ne iyakarsa, gashin da ya sha bilicin kuma wani lokaci minti biyar zuwa goma ya gama. Kowane minti biyar ki goge sili ɗaya da farin ƙyalle ki duba a hasken rana, ki tuna jiƙaƙƙen gashi ya fi busasshe duhu. Wanda ba a haɗawa yakan so a sa hular leda da ɗan ɗumi. A zafin watan Afrilu hular kaɗai ta isa, ba sai kin shiga diraya ba. In kin ji zafi kamar ƙuna, kada ki daure, ki wanke nan take. In fuska ko ido ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, asibiti za a nufa ba tare da ɓata lokaci ba.

Wajen ɗaurayewa, ki fara yayyafa ruwa kaɗan ki murza har haɗin ya yi kumfa-kumfa, wannan yana ɗaga wanda ya manne a fata. Sannan ki ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi har ya fita garau. Wasu iri suna son a bi da shamfu mai laushi sau ɗaya, wasu ba sa so. Ki sa kwandishina ki bar shi minti biyar, ki ƙare da ruwan sanyi. In ruwan gida mai zartsi ne, ɗaurayar ƙarshe ki yi ta da fiya wata leda uku ko huɗu, ko ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta.

In abin ya karkace

Ya yi duhu fiye da kima: ki wanke da shamfu mai cire maiƙo da ruwa mai ɗumi sau biyu ko uku a kwanakin farko, ki bi da turare na mai. Zai sauka. Kada ki ɗauko bilicin. Ya fito wani wuri ya kama wani bai kama ba: ko maiƙo ne bai fita ba, ko haɗin ne ya yi kaɗan, ki jira sati ɗaya ki gyara wuraren kawai. Ya ja kore: ki bi da kwandishina mai ɗan launin ja ko jan ƙarfe, in bai tafi ba ki kai wa mai salun. Tabon fata kuwa man zaitun a auduga yana rage shi, sauran zai tafi cikin kwana biyu.

Lalle fa?

Tambayar da ba ta taɓa wuce ni. E, lallen gargajiya yana yin aikin gulos, kuma kakanninmu sun riga kamfanoni sani. Ki kwaɓa cokali ɗaya ko biyu na tankaɗaɗɗen gari da ruwan ɗumi ko ruwan shayi, ki rufe na 'yan awanni har samansa ya yi duhu, ki juye a rabin kofi na kwandishina, ki shafa ki bar shi rabin awa zuwa awa ɗaya. A kan ja ko ruwan ƙasa yana ba da ɗumi mai kyau da ƙarfi.

Amma ki shiga da idonki a buɗe. Sinadarin launin lalle yana kama jikin gashi ne kamun dindindin, ba ya fita da wanki, kuma kowane karo yana hawa kan na baya. A kan furfura ko gashin da aka yi wa bilicin, ruwan goro zai ba ki ɓaro-ɓaro. In kina da niyyar komawa launi mai haske nan gaba, lalle zai tsaya miki a hanya. Wanda ake sayarwa a fakiti da sunan lallen gashi baƙi ko ruwan ƙasa kuma, sau da yawa an haɗa shi da PPD ko gishirin ƙarfe, wanda in ya gamu da feroksaid yana iya yin zafi ya karya gashi. Ki sayi ganye ko garin da kika amince da tushensa, kuma ki gaya wa mai gyaran kanki gaskiya kin sa. Babar da ake haɗawa da lalle don samun duhu, garin ganye ne tsantsa. Ruwan marina da rinin shadda na kasuwa mai soda ba na kai ba ne, ko kusa.

Ruwan zoɓo da aka dafa aka huce, ba sukari, yana ɗan farfaɗo da ja na wanki ɗaya ko biyu. Ba laifi a gwada, amma zai ɓata miki farin ɗankwali in gashin bai bushe ba.

Tsakanin wannan gulos da na gaba

Ruwa shi ne babban ɓarawon launi, ya fi shamfu. A nan kitso ya taimake mu, domin wadda ke wanke kai duk sati biyu launinta zai fi na mai wanki kullum daɗewa nesa ba kusa ba. Ki bar kan kwana biyu ko uku bayan gulos kafin wankin farko. Shafar kai a alwala ba ta da wani tasiri. Wankan ibada kuwa ruwa zalla ne, ki yi shi da mai sanyi ko ɗan ɗumi, ki tsane da kyau, kada ki ɗaure jiƙaƙƙen kai cikin hula. Launin gulos kamar na lalle yake, ba ya yin ɓawon da zai hana ruwa shiga irin na jan farce.

Ki koma shamfu mai laushi wanda ba shi da salfet. Karkashi ma yana wanke kai ba tare da ya kwashe launi sosai ba, muddin ba ki jefa masa kanwa kamar na miya ba. Shamfun amosani yana cin launi, in dole ne ki shafa shi a fatar kai kawai. Duk wanki na biyu ki yi ɗauraya da ruwan khal, cokali ɗaya a kofin ruwa, yana kwantar da ɓawo. Lemon tsami ki bar shi a kicin, in ya haɗu da rana haskaka gashi yake yi yana busar da shi.

Rana ba ta cika damun mai rufe kai ba, wannan riba ce. Sai dai ɗankwalin auduga da hular hijabi suna tsotse danshi, musamman a hunturu, sai ki sa siririyar hular satin a ciki, dare da rana. Abin miƙar da gashi in ya zama dole kada ya wuce digiri 180 a ma'aunin Celsius, kuma ki fara fesa abin kariya.

Ni ga yadda nake tafiyar da nawa. Rini a salun, sati na uku kwandishina mai launi, sati na biyar gulos mai ruwan haɗi a gida, sati na takwas zuwa na goma in koma a yi min tushe kawai, in ce kada a ja rinin zuwa jela. Mai ruwan haɗin kada ki yi shi fiye da sau ɗaya a wata, kuma in kin ga jelar ta fara duhu saboda taruwar launi, karo na gaba ki yi mara launi. In jelar ta riga ta tsattsage tana kama da bakin tsintsiya, gulos zai riƙe kwana uku ya zube, sai ki sa a datse miki santimita ɗaya ko biyu kafin ki sake haɗa wani.